Wai mu 'yan hatsi ne muka jawo tsadar abinci, ko an bar jaki ne ana dukan taiki?

Mai Awon Gero ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta muhawararku ban taɓa tsoma baki ba, amma yau abin ya ci tura.

Sana'ata hatsi. Shekarata 19 a Dawanau. Da riƙe wa maigidana bakin buhu na fara, yanzu alhamdulillahi ina da ɗan sito nawa da yara uku. Ba na cikin manyan da ke loda tirela goma a yini, kada wani ya ɗauka wani hamshaƙi ne ke magana. Da kaka nakan bi kasuwannin Dandume da Bakori da Giwa, wani lokaci har Saminaka, in sayi masara da dawa da gero, in zuba magani in ajiye. Daga bazara zuwa tsakiyar damina, lokacin da rumbunan mutane suka yi ƙasa, sai in riƙa fitarwa. Wata shekara a ci riba, wata shekara ƙwari su ci rabonsu, wata shekara kasuwa ta juya maka baya.

Abin da ya tayar min da maganar shi ne, jiya a wurin ɗaurin aure wani ɗan'uwan maiɗakina, ma'aikacin gwamnati ne, ya dube ni a gaban mutane ya ce mu ne azzaluman ƙasar nan, mu muka ɓoye abinci a 2024 har talaka ya koma cin rama da tafasa. Na yi murmushi saboda surukuta, na ce Allah ya kyauta. Amma wallahi da maganar na kwana.

Kun tuna watan Fabrairun 2024. Farashi na tashi safe da yamma, ka sayar da buhu yau, gobe kuɗin ba zai mayar maka da shi ba. A watan ne hukumar karɓar ƙorafi da yaƙi da rashawa ta jihar Kano ta zo Dawanau ta garƙame wasu manyan rumbuna bisa zargin ɓoye kaya. Gwamnan jihar Neja ya hana 'yan kasuwa sayen abinci da yawa a kasuwannin jiharsa su fita da shi. A kan iyaka kuma ana ta tare motocin hatsi. Nawa siton ba wanda ya taɓa, don haka kada a ce haushi ne ke cina. Abin da na gani da idona dai shi ne tsoro ya shiga kasuwa. Wanda ke da kaya ya rasa ko ya fitar ko ya bari, mai mota ya ƙara kuɗin lodi saboda bai san abin da zai tarar a hanya ba, farashin kuma bai ji an rufe sito ba, ya ci gaba da hawa abinsa.

Sai aka zo watan Yuli na shekarar, gwamnatin tarayya ta ce ta ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, har kwana 150. Da kakar ta zo mun sayi hatsi da tsada, don manomi ma da tsada ya sayi taki. Shiga 2025 ke da wuya kasuwa ta karye. Na sayar da masara ƙasa da yadda na saye ta, ban da kuɗin mota da na 'yan dako da hayar sito. Sai da na sayar da filin da nake tanadin gini na biya mutanen da suka ba ni amanar kuɗinsu. Na san waɗanda har yau ba su dawo kasuwa ba. Ba wanda ya zo da 'yan jarida ya ɗauki hotonmu a wannan karon.

To tambayata ga masu ilimin cikinku. In da mu ke riƙe da linzamin farashi, me ya sa muka bari ya faɗo a kanmu? Kuma ina iyakar gwamnati a cikin kasuwa? Yau ta rufe iyaka, gobe ta buɗe, jibi ta ce ajiya laifi ce, gata ta shigo da na waje. Ni dai na kasa gane ko ɗan kasuwa abokin tafiya ne ko abin farauta.

Af, na manta. Akwai ranar da na biyo mota daga Saminaka na ce bari in ƙirga. Kafin mu sauke kaya sai da direba ya miƙa hannu ta taga sau 14. Wasu da kaki, wasu da rasit, wasu da gora da ƙusa kawai. Duk a kan buhun nan ake ɗora shi.

Malamin Firamare ya amsa:

Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya mayar da alheri kan asarar da ka yi, amma ka yi haƙuri, ba zan shafa maka mai a baki ba.

Kai ka faɗi naka, bari in faɗi namu. A 2024 albashina ba ya kai mu ranar 15 ga wata. Yarana sun san ranar da aka daina dafa abincin rana a gidanmu. A lokacin kuma ina ji ina gani motoci na shiga ƙauyenmu suna kwashe hatsi tun bai gama bushewa ba. Akwai masu ba manomi bashin ba-da-kaka tun da damina, a lokacin da yake cikin matsi, kaka na yi su ɗauke buhu biyu a kuɗin ɗaya. Wannan ma gwamnati ce ta sa su? Laifi tudu ne, Alhaji.

Masu cewa gwamnati ta cire hannunta kuma, ai mun ga cire hannu. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafin mai ya tafi. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwana biyu, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Babur ɗina na jingine shi, da ƙafa nake zuwa makaranta. In wannan ne 'yancin kasuwa, a kai kasuwa. Da farashin hatsi ya faɗi a 2025 ku kuna kuka, mu kuwa a lokacin muka fara ƙoshi. Ni a ganina in gwamnati ba ta tsaya tsakanin mai ƙarfi da marar ƙarfi ba, ban san amfaninta ba.

Tsohon Akawu ya amsa:

Malam, yunwar da ka faɗa gaskiya ce, ba mai musu. Ni ma ɗan fansho ne, jiki magayi. Amma ina so ka tambayi kanka abu ɗaya. A 2024 hatsi kaɗai ne ya yi tsada? Siminti fa? Maganin hawan jinin da nake sha fa? Sabulu, taya, kuɗin ɗinki, littafin 'yan makarantarka? Su ma 'yan Dawanau ne suka kulle su a sito? In ka ga komai ya tashi lokaci guda, to kuɗin da ke aljihunka ne ya lalace.

Wa ya lalata shi? Shekara da shekaru gwamnatin tarayya na kashe abin da ba ta da shi, in ta ƙare sai ta juya Babban Banki ya ba ta rance. Dokar bankin a lokacin ta ce irin wannan rance kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata. Aka yi ta ɗiba har ya kai naira tiriliyan 22.7, sannan a watan Mayun 2023, ana gab da miƙa mulki, majalisar dattawa ta sa albarka aka mayar da shi bashi na dogon zango. Wannan kuɗi ba noma shi aka yi ba, ba haƙo shi aka yi ba. Kamar mai nono ce ta ƙara ruwa a ƙwarya. Ƙwaryar ta cika, amma kowa ya sha ya san an cuce shi. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da hukuma ke cewa 460 da 'yan kai ta tashi ta haura 1,500 a farkon 2024. Mutumin Maraɗi mai sefa ya ga hatsinmu ya zama ɓagas, mai kuɗi a banki ya ga gara ya mayar da su buhu kafin su narke. Wannan ne ya cika kasuwa da masu saye.

Batun mai kuma, ni ban yi kukan tafiyar tallafin ba, don na san rabinsa a takarda ake sha, wani kuma a jarka yake tsallake iyaka. Abin da ya ƙona min rai shi ne inda kuɗin ya nufa. An ce mu ɗaure ciki. Ba a rufe shekara ba aka ji 'yan majalisa 469 za su karɓi manyan motoci, jaridu suka ce kowace ta kai wajen naira miliyan 160. A ƙaramin kasafin ƙarshen 2023 aka tsinci naira biliyan 5 na jirgin ruwan fadar shugaban ƙasa, sai da aka yi ca sannan aka fara kame-kame. A watan Yunin 2024 aka buɗe gidan mataimakin shugaban ƙasa na biliyan 21. Bayan wata biyu sabon jirgin saman shugaban ƙasa ya sauka. Har kujerar Hajjin 2024 an zuba mata biliyan 90, kuma na san wasu za su ji haushina, amma Hajji a kan mai iko aka wajabta shi, ban ga dalilin da za a ɗebi kuɗin mai jingine babur a cika wa mai miliyoyi guziri ba. Gwamnoni kuwa kasonsu na wata-wata ya ƙaru sosai tun da aka cire tallafin. Malam, a ajinka ka ga alamarsa? An ƙara benci ko ɗaya?

Don haka ba cire hannu gwamnati ta yi ba. Ta cire shi daga inda take bayarwa, ta bar shi a inda take karɓa.

Mu da muka manyanta mun ga irin tsayawar da kake roƙo. A 1984 sojoji sun fasa shagunan 'yan kasuwa sun sayar da kaya a farashin gwamnati. Mun yi tafi. Bayan 'yan makonni ni da kaina na bi layi tun asuba saboda madara da sabulu da sukari, ga bulala a gefe, wanda ya san wani kuma ya bi ta bayan kanti ya ɗauka ya sayar mana ninki. Kafin wannan, mahaifina manomin gyaɗa ne. Dalar gyaɗar da ake sa hotonta ana taƙama, hukumar sayen amfanin gona ce ke yanke wa manomi farashi, ba shi da ikon sayar wa kowa sai wakilanta, ita kuma ta kai Turai ta sayar da daraja ta riƙe bambancin. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Sai 1986 aka rushe hukumomin. Har mahaifina ya rasu, in ya ga hoton dalar gyaɗar nan tsaki yake yi.

Kwanan nan ma an maimaita. Aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Banki a Birnin Kebbi a 2015, aka zuba fiye da naira tiriliyan 1, aka jera dalar shinkafa a Abuja a watan Janairun 2022 aka yi hotuna. Nawa ka sayi kwanon shinkafa bayan nan?

Akwai aikin da ba mai iya yi sai hukuma. Manomin Zamfara da na Birnin Gwari da na kudancin Katsina ya shiga gonarsa ba tare da ya biya 'yan bindiga kuɗin noma da na girbi ba. A gyara hanya, a kwashe shingayen da Alhaji ya ƙirga. Mai ba-da-kakan da ya zalunci manomi a samu alƙalin da zai ƙwatar masa haƙƙinsa cikin mako, ba shekara ba. Waɗannan duk suna nan ba a yi ba, amma akwai lokacin zuwa Dawanau da kwaɗo da 'yan jarida.

Ɗan Bakin Iyaka ya amsa:

Baba Akawu, Allah ya ƙara girma. Ka taɓo 1984, bari in ƙara maka. Ni mutumin yankin Jibiya ne, kakata ta wajen uwa kuma 'yar ƙasar Maraɗi ce. A can yunwar 1984 suna da sunan da suke kiranta, El Buhari, domin ta haɗu da rufe iyakar da aka yi a watan Afrilun shekarar lokacin canjin kuɗi. Fari daga Allah ne, amma ƙofar mutum ne ya rufe ta.

A zamaninmu kuma mun sha sau biyu. A watan Yulin 2019 shugaban ƙasa ya je Yamai ya sa hannu a yarjejeniyar ciniki marar shinge ta Afirka. Wata mai bi masa ya rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Aka zo aka hana kai mai duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, kamar mu ba 'yan ƙasa ba ne. Abin dariya, iyakar na rufe aka amince da kwangilar layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta kusan dala biliyan 2. Ka toshe ƙofar da jaki ke bi kyauta, ka ciyo bashi ka gina ta jirgi.

Shinkafar waje kuwa ba ta daina shigowa ba ko na yini ɗaya. Hanyar daji ta koma, kuɗinta ya ninka, masu tsaron hanya suka yi gidaje, yaranmu 'yan fito wasu suka rasa rayukansu a kan buhu ɗaya. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa har Maris na 2024, aka yanke musu wuta. Sojojin da aka yi domin su ko gezau, amma mai kawo dabbobi da wake da mai kai masara su suka durƙushe.

Malam yana ganin kamar hatsi fita kawai yake yi. Ka zo kasuwar Maigatari ko Mai'aduwa ko Illela ka ga raƙuma da shanu da tumakin da ke shigowa. Ragon layyarka ma wataƙila da sefa aka fara sayensa.

Almajirin Zaure ya amsa:

Ina neman afuwar manya, ɗan abin da muka ji a gaban malamai zan faɗa. Hadisi ya tabbata daga Anas, Allah ya ƙara masa yarda, cewa kaya sun yi tsada a Madina, mutane suka roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke musu farashi. Bai yanke ba. Ya nuna musu cewa Allah ne mai sa farashi, mai ƙuntatawa, mai yalwatawa, mai azurtawa, kuma yana fatan ya gamu da Ubangijinsa ba wanda ke binsa haƙƙi na jini ko na dukiya.

Amma Alhaji kada ka yi saurin murna, domin hadisin da ya ce ba mai ɓoye abinci sai mai saɓo shi ma ingantacce ne. Inda malamai suka yi bayani shi ne bambanci tsakanin wanda ya saya lokacin yalwa ya adana domin lokacin ƙaranci, da wanda ya kwashe abin da ke kasuwa ana cikin yunwa ya kulle yana jiran mutane su galabaita. Na biyun hukuma na da ikon tilasta masa ya fitar ya sayar a farashin da kasuwa ke ciki. Kowa ya san a layin da yake.

Shingaye 14 kuwa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa irin waɗannan karɓe-karɓe cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa a kansu, har da jangali da kuɗin gari da abin da ake ƙwata a hannun 'yan kasuwa. Marigayi Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Kano a 1979. Yanzu sun dawo da rasit.

Uwar Biyu Mai Abinci ta amsa:

Ni duk wannan lissafin tiriliyan ban iya shi ba. Tuwo da shinkafa da wake nake sayarwa a bakin tasha. Abin da ba zan manta ba shi ne canjin kuɗin farkon 2023. Ga abinci a tukunya, ga masu jin yunwa a tsaye, ga kuɗinsu a banki, amma ba takardar da za su miƙo min. Taransifa ta ƙi tafiya, mai POS ya ce sai ka ba shi kaso kafin ya ba ka kuɗinka na halak. Sau nawa na juye shinkafa ta kwana na ba almajirai. Sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris sannan muka numfasa, lokacin jarina ya riga ya tafi, da adashi na sake tashi. Wannan dai ba ɗan hatsi ne ya yi min ba.

Amma Alhaji ku ma ku ji tsoron Allah a kan mudu. Tiyar da ake auna mana yanzu an bubbuge gindinta, ba ta kai ta da ba.

Mai Awon Gero ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai jama'a. Hajiya, maganar mudu gaskiya ce, ba zan kare kowa ba. Akwai masu kwano biyu, na saye daban na sayarwa daban. In hukuma za ta zo ta bi kasuwa layi-layi da mudun gaskiya, wallahi ni zan riƙe mata jaka.

Malam, ban ji haushinka ba. Ba-da-kaka ni ba na yi, maigidana ma ya hana mu tun muna yara. Amma ka yi tunanin shekarar da ba wanda ya sayi hatsi da kaka ya ajiye. Manomi zai kawo kasuwa ya rasa mai saye, ga bashin taki, ga auren 'ya, sai ya yasar da shi a kowane farashi. Watan Yuli kuma ka fito da kuɗinka ka rasa kwano ɗaya. Rumbunan gwamnati da ake cewa za su maye gurbinmu, kai ma ka san sau nawa ka ga hatsinsu a ƙauyenku, da kuma gidan wa aka sauke shi.

Ƙoshin da ka ce kun fara yi, Allah ya ɗorar. Sai dai wani manomi da na fi shekara goma ina sayen masararsa a wajen Dandume ya ce min shi da masara sai dai ta ci a gida, don sai ya sayar da buhu biyu kafin ya sayi buhun taki ɗaya. Waken suya zai koma, shi ba ya cin taki sosai. Ba shi kaɗai ne ya faɗa min haka ba.

Ni kaina bana rabin abin da na saba saye na saya, shi ma da kuɗina kawai, ban karɓi amanar kowa ba. Ɗaya ɓangaren siton na ba wani mai sayar da taliya haya. Yaran nan uku kuma na ce wa ƙaraminsu ya fara zuwa wurin wani abokina mai gyaran waya da yamma.

Baba Akawu, ina da sauran tambaya a kan rancen Babban Bankin nan, wa zai biya shi kuma a shekara nawa, amma an kira la'asar, ga kuma mota ta iso daga Giwa 'yan dako na jirana.